Karan Hancin Lamduan

Mae Tongsuk, wato Inna Tongsuk, tana zaune a kan gadon gora a ƙarƙashin gidansu da aka ɗora kan dogayen ginshiƙan katako, turmi tsakanin ƙafafunta, tana dakan kwaɗon ɗanyar gwanda, sai ga ƙarar babur ɗin 'yarta Lamduan. Tun safe take jiran wannan ƙarar. Yau ce ranar da Suchin, saurayin Lamduan, ya kai ta gidansu a Khon Kaen don ta gai da mahaifiyarsa. Duk wanda ya taɓa sayar da shinkafa a yankinmu ya san gidan, domin su ne masu babban injin casa.

Jiap, 'yar ƙanen Mae Tongsuk, wadda ta dawo daga Bangkok da sabon hanci da sabuwar tafiya, ita ta fara leƙo kai daga cikin lilo.

"Oyoyo amaryar masu inji! Yaya, sun ba ki kujera, ko a ƙasa aka ajiye ki?"

Lamduan ta jingine babur, ta cire hular kwano, ta zo ta zauna kusa da uwarta. Sai da Mae Tongsuk ta ga idanunta sun kumbura sannan ta saki taɓarya.

"Ke Duan, lafiya? Zaginki suka yi?"

"Ai da zagi ne da sauƙi, Mae," in ji Lamduan. "Wani tsoho aka zaunar a gabana wurin cin abinci. Na ɗauka kawunsa ne, har ina zuba masa miya. Ashe Sinse ne, mai duban fuska! Tunda na zauna yake ƙare mini kallo. Da aka kwashe kwanuka sai mahaifiyarsa, Mama Kimhuai, ta ce, to Sinse, me ka gani? A gabana fa, Mae! Sai ka ce saniya aka kawo kasuwa."

"To me ya ce?" in ji Jiap, ta sauko daga lilon.

"Wai goshina mai kyau ne, kunnuwana na mai tsawon rai ne. Amma wai hancin mace shi ne rumbun mijinta. Nawa ba shi da kara, ƙofofinsa kuma suna kallon gaba, don haka duk abin da miji ya tara ta nan zai zurare." Ta share hawaye da bayan hannu. "Sai Mama ta ce, to an ji. Ita dai ba za ta sha shayi daga hannuna ba."

A gidajen da kakanninsu suka zo daga ƙasar Sin, irin gidan su Suchin, shayin nan shi ne komai. Amarya za ta durƙusa ta miƙa wa uwar miji kofi da hannu biyu. In ta karɓa ta sha, kin zama 'yarta. In ta ƙi, ko shekara nawa kika yi da ɗanta, baƙuwa ce ke. Suchin kuwa shi kaɗai ne ɗanta namiji, uban ya daɗe da rasuwa.

Jiap ce ta fara kwashewa da dariya, ta kira ta da Pi, wato Yaya, kamar yadda muke kiran na gaba da mu. "Yo wannan ne abin kuka? Pi Duan, dube ni nan! Kin manta yadda nawa yake? Gilashi ma ba ya zama a kai, sai ya zamo. Silikon, 'yar roba ce kawai za a sa miki a ciki, kafin ki gama tunanin tsoro an gama. A ofishinmu har mai shara ta yi."

"Ni ban taɓa jin haushin hancina ba," in ji Lamduan. "Irin na babana ne."

"Na babanki!" Mae Tongsuk ta ja tsaki. "Shi da ya tafi ya bar ni da gona mai gishiri da ke da hancin. Ke yarinya, buɗe kunnenki. Shekaruna nawa ina tsayawa a layi a ƙofar injin nan, rana na dukana, yaransu na zungurin buhuna suna cewa da danshi? Yau ɗan gidan da kansa ya zo yana sonki, sai ki tsaya kan ɗan wani ƙashi da babu shi? Ki je a sa miki!"

Ba muguwar uwa ba ce Mae Tongsuk, kada a ɗauke ta haka. Mace ce da rana ta gasa, kuma ba ta son ta gasa 'yarta. Mu mutanen arewa maso gabas mun saba da wannan tsokanar tun muna yara. Ka shiga Bangkok ka buɗe baki, kafin su ji harshenka sun riga sun kalli hancinka sun san daga inda ka fito. Abin yana da ciwo, sai dai kowa da yadda yake haɗiye nasa.

Washegari Suchin ya zo makarantar renon yara inda Lamduan take koyarwa. Ya jira har aka tashi, ya same ta tana jera 'yan ƙananan kujeru. Dogo ne mai sanyin magana, irin mutanen da ko kare ba sa iya kora.

"Duan, ki yi haƙuri da abin jiya. Ban san za ta kira shi ba, na rantse miki."

"Na yarda ba ka sani ba, Pi Chin. Amma kana zaune ai. Me ka ce?"

Ya sunkuyar da kai.

"Jiap ta ce za ta kai ni a sa mini silikon."

"A'a!" Ya ɗago da sauri. "Kada ki soma! Ni a haka na gan ki, kina zaune kan buhunan mahaifiyarki kina cin masara, kina yi wa mai sikelinmu tsiya. A haka na so ki. Ki ba ni lokaci kawai, zan shawo kanta."

"Lokaci har yaushe? Ka taɓa ce mata a'a tunda aka haife ka?"

"To in ta ƙi, mu yi aurenmu a ƙauyenku, a ɗaura mana zare a hannu irin na al'adarku, shi ke nan."

Lamduan ta girgiza kai, hawaye na zubo mata. "Ni ba zan raba ɗa da uwarsa ba. Kai kaɗai gare ta. In ba ta sha shayina ba, babu aure, Pi Chin. Wannan kam na yanke."

Ya riƙe ƙaramar kujera a hannu ya rasa inda zai ajiye ta. Yana sonta, wannan babu shakka, amma soyayyarsa a lokacin ba ta da baki.

Da aka ba da hutun makaranta Lamduan ta ce masa za ta je taron malamai, suka hau motar Bangkok ita da Jiap. Kilinik ɗin a saman wani shago yake, an cika bangonsa da hotunan 'yan mata masu hanci iri ɗaya. Likitan ya lallatsa fuskarta, ya ja fatar hancin da yatsu biyu, ya ce fatarta ba ta da yalwa, ɗan madaidaici zai sa mata.

"Madaidaici kuma?" in ji Jiap. "Dokta, ba don selfi muka zo ba fa. Uwar miji za mu burge, da wani tsoho mai ido kamar na shaho. In za a yi, a yi mai gaba ɗaya!"

Likita ya dubi Lamduan. "Ke fa? In ya yi tsawo zai riƙa tokarar fatar daga ciki. Wasu suna zama lafiya, wasu ba sa zama."

Ta tuna da idon Sinse, ta tuna da yadda Mama Kimhuai ta kawar da kai. Ta ce, "A sa dogon."

Shi ma bai ja da nisa ba, akwai wasu a layi. Tana kwance tana kallo ya ɗauko 'yar farar roba yana fere ta da wuƙa kamar mai feraye rogo, har allurar kashe zafi da aka yi mata ta kama, fuskarta ta mutu.

Da kumburi ya saɓe, gaskiya hanci ya tsaya. Ƙauye ya ɗauka, mata suna zuwa kallo, Mae Tongsuk tana ta washe baki tana hana ta cin kifin da ake tsimawa a tulu kamar yadda likita ya ce. Suchin kaɗai ne bai yi murna ba. Ranar da ya fara ganinta da sabon hancin ya tsaya turus a bakin matakala, ya daɗe yana kallonta.

"Ba ka ce komai ba," in ji ta.

"Kin yi kyau," ya ce, idonsa ya cika da ƙwalla. "Ya yi zafi?"

"Kaɗan."

"Laifina ne, Duan."

Aka sake kai ta gaban Sinse. Tsohon ya zagaya ta hagu, ya zagaya ta dama, ya gyaɗa kai ya ce yanzu kam rumbu ya samu murfi. Bai dame shi ba cewa murfin na roba ne. Mama Kimhuai ta yi murmushi a karo na farko, har ta sa hannu ta ɗebo wa Lamduan naman agwagwa. Nan take Sinse ya haɗa shekarun haihuwarsu ya fitar da rana, cikin watan da ake gama girbi. Ya ce ita kaɗai ce mai kyau. In ta wuce, taurarinsu ba za su sake haɗuwa ba sai an shekara biyu. Aka buga kati, aka kama otal, aka sanar da dangi har na Singapore.

Ana cikin shirye-shirye kan hancin ya fara ja. Da farko Lamduan ta ce zafin rana ne. Sai wurin ya soma sheƙi, fatar ta yi siriri har kana iya hango farin abu a ƙarƙashinta, ga zogi da ba ya barinta ta sunkuya ta ɗaure wa yara takalmi. Ta lallaɓa ita kaɗai zuwa asibitin gunduma. Wata likita mai furfura ta haska wurin da 'yar fitila, fuskarta ta canza.

"'Yata, wannan ya ruɓa daga ciki, robar tana neman hanyar fita. Yau za a cire, ba gobe ba."

"Dokta, bikina ya kusa. In an cire, yaya zai koma?"

"Yadda yake da, ko ƙasa da haka kaɗan. Bayan wasu watanni, in ya warke, sai a duba. Ki ɗaga bikin."

"Ba a ɗaga ranar Sinse, Dokta."

"To ni ban san Sinse ba, fata na sani. In kika bari ta fashe da kanta, abin da ya mutu ba ya dawowa."

Lamduan ta ce za ta je ta yi shawara, ta fito ba ta koma ba. A gida ta gaya wa uwarta. Mae Tongsuk ta yi tagumi, sannan ta ce a hankali, "Ki daure, Duan. Saura ƙiris. Ki miƙa shayin nan ta sha, washegari ni da kaina zan raka ki a cire. In ta riga ta sha ai ba za ta amayar ba."

Jiap kuwa tsoro ya kama ta. "Pi Duan, ni fa abin nan ya fara ba ni tsoro. Ki gaya wa Pi Chin mana!"

"In na gaya masa zai sa a cire. In aka cire Mama ta fasa. Ki rufe bakinki, Jiap, ki nemo mini hoda mai kauri."

Haka ta yi ta sayen ƙwayoyi a kemis tana haɗiya, tana shafa hoda kan hoda. In Suchin ya kira ta a bidiyo sai ta kunna filta, ta ce masa network ne ba kyau. Shi kuma yana can yana fama da masu girki da masu kiɗa, ya yarda.

Ranar ta zo. Falon gidan masu inji ya cika da dangi, an kunna turare a gaban hotunan kakanni, komai ja da ruwan gwal. Lamduan ta fito cikin jar riga, mai kwalliya ta yi iya ƙoƙarinta, amma zazzaɓi na cin ta, kanta na sarawa. Mama Kimhuai ta hakimce a kan kujerar katako. Ango da amarya suka durƙusa a gabanta. Aka miƙo wa Lamduan ɗan ƙaramin kofi, ta karɓa da hannu biyu, ta ɗaga shi, ta sunkuyar da kai ƙasa sosai kamar yadda aka koya mata.

"Mama, ga shayi."

Wannan sunkuyon ne ya ƙarasa abin. Ta ji wani abu ya tsage a kan hancinta, ba ma da zafi sosai ba. Ɗigo ɗaya, jini gauraye da mugunya, ya faɗa cikin kofin. Na biyu ya biyo shi. Mama Kimhuai ta riga ta miƙo hannu har yatsunta sun taɓa kofin. Ta kalli cikinsa, ta kalli fuskar amaryar, inda kan farar roba ya leƙo ta cikin hoda.

"Wayyo, jini!" wata gwaggo ta ƙwalla ihu. "Jini a shayin biki! A gaban kakanni!"

Falo ya hargitse. Wasu na ja da baya, wasu na ɗaga waya. Mama Kimhuai ta janye hannunta a hankali ta ɗora a cinya. Lamduan tana nan durƙushe da kofin a sama, ta kasa saukewa, tana ta maimaitawa, "Mama, ki yi haƙuri, a kawo wani... a kawo wani kofin..." har Suchin ya karɓe shi daga hannunta, ya ɗauke ta cak ya yi waje da ita. Mae Tongsuk ta bi su a guje, takalminta ɗaya a ƙafa.

An cire robar a ranar. Likitar nan mai furfura ba ta yi mata faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Fatar kan hancin ta riga ta mutu, sai da aka yanke. Da ya warke sai ya tsuke ya ɗage sama, gefe ɗaya ya lotsa, ga tabo baƙi a tsakiya. Ranar da aka kwance bandeji Lamduan ta kalli madubi sau ɗaya, ta kife shi. Ta nemi hancin babanta a fuskar nan ba ta same shi ba, na Sinse ma babu.

Ta koma aiki da takunkumi a fuska. Wata rana wani yaro ya fizge shi cikin wasa, ya gani, ya fashe da kuka. Daga ranar ta ajiye koyarwa ta koma gona.

Suchin ya zo ta ƙi fitowa. Ta yi masa magana ta bayan ƙyaure.

"Ka tafi, Pi Chin. Ka je ka auri wadda rumbunta ke da murfi na gaske. Na yafe maka."

"Ni ban yafe wa kaina ba. Ba inda za ni."

"Wadda ka gani kan buhu tana cin masara ta mutu! Ba ka gane ba?"

"To wa ke yi mini tsiya yanzu ta bayan ƙofa?"

Ta toshe baki da zani don kada ya ji kukanta, amma ya ji.

A makon ya ajiye wa mahaifiyarsa makullan inji a kan tebur. Bai yi mata rashin kunya ba; ya ce zai riƙa zuwa gaishe ta duk ƙarshen mako, kuma bai taɓa fashi ba. Ya kama ɗaki a bakin kasuwar gundumarmu, ya shiga tuƙa motar girbi a gonakin mutane. Ɗan masu inji, wanda ko buhu bai taɓa ɗagawa ba, ya yi baƙi ya rame. Kullum da yamma sai ya zo ya zauna a gadon goran nan, Mae Tongsuk ta ajiye masa kwandon shinkafa mai danƙo, ya ci ya tafi. Damina ta wuce kafin Lamduan ta yarda ta sauko ta zauna nesa da shi da takunkuminta. Wani girbin ya zo kafin ta cire shi a gabansa. Bai kawar da ido ba, bai kuma yi mata ƙaryar cewa ba a gani ba. Amma kan maganar aure tana nan inda take: sai Mama ta sha.

Rannan da hantsi sai ga baƙar mota ta tsaya a ƙofar gida, kaji suka watse. Mama Kimhuai ta fito da lema, ta tsufa fiye da yadda aka san ta. Suchin yana gyaran injin ban ruwa a tsakar gida, ya miƙe hannu duk baƙin mai. Aka shimfiɗa mata tabarma a kan gadon gora, ta zauna a ɗofane. Ba ta kalli Lamduan ba, ɗanta take kallo.

"Ba dogon zance ya kawo ni ba. Na gaji da cin abinci ni kaɗai. Na samo wani babban likita a Koriya, an ce da guringuntsin haƙarƙarin mutum yake gina hanci, ba roba. Ni zan ɗauki nauyin komai. A gyara ta, Sinse ya duba, ya ba da rana, in sha shayin, ka dawo gida."

Ga abin da Lamduan ta yi shekara tana kuka a kai an kawo mata har gida. Kalma ɗaya za ta faɗa. Ta dubi Suchin, ta dubi ƙasusuwan wuyansa da suka fito, ta ji kamar ta ce to. Sai ta tuna da farar robar nan ana fere ta.

Ta durƙusa, ta haɗa tafukanta a ƙirji. "Mama, na gode. Amma ba za a sake yanka ni don a duba ni ba. In wata rana na gyara, don in shaƙi iska da kyau ne, ba don Sinse ba. Ina son ɗanki, kin sani. In sai da wani hancin za ki karɓe ni, to ki tafi da shi yau, ba zan riƙe shi ba."

"Ji yarinya! Kai Suchin, ka ji ta ko? Ni na sauko, ita ta hau!"

"Na ji ta, Mama," in ji Suchin, wannan karon bai sunkuya ba. "Ko ta yarda ni ba zan yarda ba. An zaunar da ita an karanta ta ina kallo na yi shiru, ga abin da shiruna ya jawo. Ke uwata ce har in mutu. Amma a'a, Mama."

Mama Kimhuai ta miƙe fuu ta nufi mota. Lamduan ta kife fuska a tabarma, ta san shi ke nan.

Mae Tongsuk ce ta bi ta. Matar da ta yi shekaru tana rusuna wa yaran gidan nan ta sa hannu ta riƙe ƙofar motar.

"Uwar gida, tsaya ki ji, ba roƙo zan yi ba. Likita wuƙa kawai ya riƙe. Ni da ke muka yanka yarinyar nan. Ke kika ce ba ta isa ba, ni da na haife ta na ce gaskiyarki. Tana zazzaɓi, fuskarta na ruɓewa, na ce mata ta daure saura ƙiris, don in ga kin sha shayi in yi alfahari a ƙauye." Hawaye suka ɓalle mata. "Ni kullum ina ganin aikina, da shi nake kwana da shi nake tashi. Ke ko sau ɗaya ba ki kalla ba. Ki juya ki kalle ta, sannan ki tafi."

Mama Kimhuai ta tsaya da hannu a kan ƙofa. Ta daɗe a haka, direba ya tayar da mota ya sake kashewa. Can ta juyo. Ta tako a hankali har gaban Lamduan, ta sa yatsu ta ɗago haɓarta. Ta kalli tabon, ta kalli inda ya lotsa, sannan ta kalli idanun, abin da ba ta taɓa yi ba tun ranar farko.

Ta zauna a kan tabarmar, wannan karon zama na sosai. Ta ce da dasasshiyar murya, "Akwai ruwan zafi a gidan nan?"

Babu jan kofi, babu turare, babu wanda ya duba ko ranar mai kyau ce. Ganyen lemun tsami da ciyawa mai ƙanshi Mae Tongsuk ta tsinko a bayan gida ta tafasa, aka zuba a kofin silba mai lotsattsen gefe. Lamduan ta durƙusa ta ɗaga shi da hannu biyu.

"Mama, ga shayi."

Tsohuwar ta karɓa, ta kai shi kusa da fuska. Don ta samu abin faɗa ta ce, "Yana da ƙanshi. Ko ba ki ji ba?"

"Ban sani ba, Mama," in ji Lamduan a hankali. "Tun ciwon nan ba na jin ƙanshin komai."

Ko Suchin bai san wannan ba sai a lokacin. Mama Kimhuai ta runtse ido, hawaye suka gangaro mata, ta kafa kai ta shanye shayin tas da zafinsa.

An yi bikin a ƙauye, tsofaffi suka ɗaura musu farin zare a hannu, Mama Kimhuai ta ɗaura nata ita ma. Haƙurin Lamduan da Suchin bai tafi a banza ba, sun samu juna kuma uwa ba ta rasa ɗanta ba. Amma ina so 'yan mata su ji ni, iyaye kuma su fi su ji: wanda ya ce sai kin sake halitta zai karɓe ki, ba ke yake nema ba. Kuma yafiya tana gyara zumunci, amma ba ta mayar da abin da aka yanke.

Bayan shekara biyu Lamduan ta haifi 'ya mace. Kamar yadda kowace uwa take yi a wajenmu, ta ɗauke ta ta manna hancinta a kumatun jaririyar ta ja numfashi mai tsawo. Ta sake ja. Sannan ta miƙa ta ga surukarta, wadda ke zaune a bakin gado.

"Mama, sunsuna mini ita," ta ce. "Ki gaya mini yadda ƙanshinta yake."